Loma Ta Farko: Buɗa-Baki A Gidan Bayahude

Sau ɗaya a shekara, ranar 10 ga watan Tishri na kalandarsu, wadda kan faɗo cikin Satumba ko Oktoba, Yahudawa kan yi azumin Yom Kifur, wato Ranar Kaffara. Tun kafin faɗuwar rana ake kame baki, ba ci ba sha, har sai dare ya yi washegari, kimanin sa'a 25 ke nan. Da zarar an busa ƙahon rago a wurin ibada, sai kowa ya nufi gida don buɗa-baki. Tambayar da muke son mu yi wa kanmu ita ce: tsakanin yunwar da wannan zama na iyali, wanne ya fi wuya?

Mu fara duba akushin. Tun da an hana girki a ranar, abin da aka tanada tun jiya shi ake ci. Waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka, nasu burodi ne mai rami a tsaka, da kifi mai gishiri, da cuku, da gasasshiyar taliya mai ƙwai da suke kira kugel. Zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 suka zauna Turkiyya da Girka kan fara da wani farin abin sha na 'ya'yan wani nau'in kankana. Na Iran kan goge tuffa su zuba mata ruwan wardi. Na Maroko kuwa, da yawansu romon harira suke sha, irin wanda maƙwabtansu Musulmi ke buɗa-baki da shi a watan Ramadan. Ashe kowane kwano tarihin hijira ne.

Daɗin daɗawa, a ranar ne ake addu'ar tunawa da mamata, a kunna musu kyandir mai kwana yana ci. Saboda haka matar da ta gasa kugel yadda mahaifiyarta ta koya mata, alhali mahaifiyar ta kwanta dama, takan kai loma baki da ƙwalla a ido.

To, ina wuyar take? Littafin dokokinsu, Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya nuna cewa azumin yana kankare laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne kurum. Wanda ka zalunta kuwa, sai ka taka ka roƙe shi gafara, har sau uku in ta kama, in ji malamansu. Wa muka fi zalunta in ba na gida ba? Ƙanen da aka danne wa gado, da matar da aka yi wa gori, da tsohon da aka daina gaisarwa, su ne dai za a zauna da su kan abinci ɗaya.

Wani zai ce ai wannan biki ne kawai, tun da har wanda bai yi azumin ba yakan zo ya ci. Gaskiya ne, ana samun haka. Amma a ganinmu wanda ya sha ruwa da rana, ya zo ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu da zuciya ɗaya, ya ɗauki rabin nauyin, kuma rabin da ya fi ciwo. Wanda ya wuni da yunwa ya zauna yana harara shi ma rabi ya ɗauka. Yunwa tana da lokacin ƙarewa, loma ɗaya ta kashe ta. Girman kai ba ya jin ƙaho.

Mu ma masu azumi ne, ba sai an fassara mana wannan ba. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafin mu kai dabino baki, ya kamata mu dubi wanda ke zaune kusa da mu, mu tambayi kanmu ko yana bin mu bashin ban-haƙuri. Allah Ya sa mu dace.