Laifin Adda Ko Laifin Maƙeri?

Kakana maƙeri ne a Kurugu. A maƙerarsa na taso ina yi masa zuga, ina kallon yadda yake fitar da fartanya da lauje da adda daga guntun ƙarfe. Wata shekara aka sari wani manomi a rikicin iyakar gona, aka kuma gane addar ƙirar kakana ce. Kwana uku bai hura wuta ba. Da na ce masa, "Kaka, ai ba kai ka yi saran ba," sai ya ce, "Haka ne, amma ni na wasa ta."

Wannan amsa ta dawo mini sa'ad da na san tarihin Hayao Miyazaki, gwanin finafinan zane na Japan. An haife shi a Tokyo a 1941, kuma masana'antar danginsa ta ƙera sassan jiragen yaƙi samfurin Zero a Yaƙin Duniya na Biyu. Wato da ribar yaƙi aka raine shi. Ya girma yana ƙaunar jirgin sama, yana ƙyamar yaƙi. A 2003 ya ƙi zuwa Amurka karɓar lambar yabo ta Oscar saboda yaƙin Iraƙi. Amma a 2013 ya fitar da fim kan Jiro Horikoshi, injiniyan da ya tsara jirgin Zero, mutumin da ya so ƙera abu mai kyau, aka yi kisa da shi.

Shin mai sana'a yana da alhakin abin da aka aikata da aikinsa? Masu cewa a'a suna da hujja, domin addar da ta sari mutum ita ce ke share gona. Sai dai Bahaushe ya ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Horikoshi ya san sojoji yake yi wa aiki, kakana kuwa bai san niyyar mai saye ba. A ganina nauyin alhaki yana bin gwargwadon sani, kuma wanda ya ƙi tambaya don gudun sani bai kuɓuta ba.

A rana ta huɗu kakana ya koma maƙera, domin damina ta kusa, manoma na jiran fartanya. Amma daga ranar bai sake miƙa wa baƙo adda ba sai ya tambaye shi daga ina yake, kuma me zai yi da ita.