Ɗana, An Damƙa Maka Makarantar Ikkilisiya

Ɗana, kai da ikkilisiya ta ba amanar makarantarta, ko hedimasta ne kai, ko malamin aji, ko ɗan kwamiti, zauna mu yi magana. 'Yata, har da ke, don azuzuwa da yawa a hannunku suke.

Babu makarantar cocin da ba ta da allo a bakin ƙofa, da aya a kansa, da kalmomi masu daɗin ji: ƙauna, gaskiya, tsoron Allah, hidima. Ban raina su ba. Sai dai rubuta su bai ci komai ba in ban da kuɗin fenti. Mai son sanin abin da makaranta ta gaskata da shi, ya wuce allon, ya leƙa ofishin karɓar kuɗi a mako na uku na zangon karatu, sa'an nan ya leƙa zauren jarrabawa ranar Lissafi. Abin da ya gani a wuraren nan biyu shi ne ainihin addinin makarantar, kome daɗin waƙar da aka rera a sujadar safe.

Ka san gidan da ka gada. A 1900 Dokta Walter Miller ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS, Sarki Alu ya ce su fita. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. A 1929 aka ɗauke mishan ɗin zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, gini irin namu na Hausa. Daga wannan 'yar jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa. Da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Da Janar Yakubu Gowon. Muna son jero sunayen nan a ranar biki. Abin da muke mantawa shi ne mahaifin Gowon mai bishara ne daga ƙasar Angas, ba attajiri ba. Je ka tambayi abin da ake ba mai bishara na ƙauye yau a wata, ka ɗora shi kusa da kuɗin zango na makarantarka, ka gaya mini ko ɗansa zai iya tsallake ƙofarku.

A Gindiri kuma mishan ɗin SUM ya fara horar da masu bishara da malamai a 1934. Sakandaren maza ta zo a 1950, ta 'yan mata a 1958. Tsakaninsu, a 1953, aka buɗe makarantar yara makafi. Ni wannan ta fi tsaya mini a rai. A lokacin da yaro makaho ba shi da abin da ake sa masa rai sai sanda da ƙoƙon bara, wasu suka ware malamai da ɗakuna dominsa. Ba riba za ta kawo ba, ba suna a jarrabawa ba. Dalilinsu ɗaya ne, shi ne kuma tushen duk abin da ake kira manufar makarantar Kirista: kowane yaro halittar Allah ne cikin kamanninsa, kuma Almasihu ya mutu domin makaho kamar yadda ya mutu domin mai ido. In ka cire wannan, abin da ya rage kasuwanci ne da ake buɗewa da addu'a.

Ba ina cewa 'yan mishan mala'iku ba ne. Cikinsu akwai waɗanda suka raina al'adunmu, akwai waɗanda suka mai da aji tarkon sauya addini, abin da ya sa iyaye Musulmi da yawa suka riƙe 'ya'yansu a gida. Wannan ba gadon da za ka ɗauka ba ne.

A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena. Da ikkilisiyoyi suka sake buɗe nasu daga baya, sun tarar duniya ta sake. Dā akwai gudummawar coci-coci na ƙetare, akwai tallafin gwamnati. Yanzu galibi babu su, sai abin da iyaye suka biya. Don haka ba zan ce maka kada ka karɓi kuɗi ba. Alli ba kyauta ba ne, malami ma yana da ciki. Maganata a kan yadda za ka karɓa ne, da abin da za ka yi da wanda bai iya biya ba.

Tuna wa ya gina azuzuwan. Zumuntar mata ce ta ɗebo ruwa da yashi. Matasa suka buga bulo. Gwauruwar da ke tuyan ƙosai ta jefa nata cikin baiko ranar da aka yi kira daga bagadi. Da aka gama, aka shafa fenti, aka yanke kuɗin da ya fi ƙarfinta, sai ɗanta ya riƙa wucewa ta gefen katangar da safe zuwa wata makarantar da aji guda ke cike maƙil, ba kujera. Ita ba za ta yi magana a taron ikkilisiya ba, kunya ba za ta bar ta ba. Amma ta gani, ɗanta ma ya gani, kuma abin da ya koya game da coci ke nan.

Saboda haka, tun ranar da kwamiti zai zauna yanke kuɗin makaranta, a ware gurabe na marayu da 'ya'yan masu bishara da marasa hali, a rubuta adadinsu, kada a bar shi ga tausayin hedimasta na ranar. A nemi tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin wasu. A ƙauye, in uba ya ce sai kaka, a yarda da shi; in buhun masara ko gero zai kawo, a karɓa a yi masa kuɗi a farashin kasuwa. Abu guda ne nake roƙon ka da shi musamman: kada ka taɓa kiran sunayen masu bashi a gaban taron ɗalibai, ka sa su durƙusa, ka kore su kowa na kallo. Bashin na uba ne. Yaron bai ci na kowa ba. Rubuta takarda ka liƙe, ko ka taka da ƙafarka ka je gidan. Sau da yawa in ka je za ka tarar da mara lafiya a kwance, ka gane dalili ba tare da an faɗa maka ba.

Sai jarrabawa. Kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar, har da Turanci, a WAEC ko NECO. Iyaye kuwa sakamako suke saye. Wata rana wani zai zo maka da murya ƙasa-ƙasa, ya ce a tara ɗan abu a toshe bakin mai sa ido, a rubuta wa yara amsa a allo, ai duk makarantu haka suke yi. Zai iya zama uba, zai iya zama malami, zai ma iya zama dattijon ikkilisiya. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: yaro ba ya satar amsa shi kaɗai in manya ba su buɗe masa hanya ba. Yaron da ya ga malamin da ya koya masa Dokoki Goma da safe yana miƙa masa amsa da rana, ya gama karatun addini a makarantarka, kuma ba wa'azin da zai goge wannan. Ba zan ɓoye maka ba, ƙin yarda yana da tsada. Wasu iyaye za su kwashe 'ya'yansu a aji na ƙarshe su kai inda ake yi. Faɗa wa kwamiti wannan tun kafin ya faru, a amince da asarar a rubuce, don kada ranar da rajista ta ragu a ce kai ka rusa makaranta. Dokar hana satar amsa kuma ta hau kan ɗan fasto kamar yadda ta hau kan ɗan mai gadi.

Akwai wata satar da ba a kiranta sata: a hana yaro mai rauni rajistar jarrabawa, ko a sallame shi cikin dabara, don sakamakon makaranta ya yi kyau a takardar talla. Mu da muke koya wa yara misalin makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya guda, ba mu da bakin yin haka. Kafin ka kira yaro daƙiƙi, bincika ko yana ganin allo, ko yana ji sosai, ko ya karya kumallo.

Malamai fa? A 2024 doka ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Akwai makarantu masu zaman kansu, har da na coci, da ke biyan mai digiri ƙasa da haka, su kuma ja masa watanni, in ya yi magana a ce aikin Ubangiji ne, ladansa na sama. Littafi Mai Tsarki ya tsananta a kan riƙe hakkin ma'aikaci, tun daga Attaura har wasiƙar Yaƙub. In kuɗi bai kai ba, a buɗe wa malamai littafi su gani, a fara biyansu kafin a sayi sabuwar mota ko a ɗaga katanga. Malamin da yunwa ta kama shi ne zai fara sayar da maki.

Za a kawo maka yara Musulmi. Ubansu ya san makarantar coci ce, ya kawo su duk da haka, don ya yarda da tarbiyyarku. Wannan amana ce babba. Kada ka ɓoye ko kai wane ne, kada ka fasa sujada, amma kada ka tilasta wa yaro furta abin da ba a furtawa a gidansu, kada kuma ka bar wani malami ya yi wa addininsa ba'a. Da azumi a sassauta masa aikin ƙarfi. Ranar Juma'a a san yadda za a yi ya sami masallaci. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 unguwanni suka rabu, har akwai yaran da suka girma ba su da aboki daga wancan ɓangare. Benci guda a ajinka na cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bulus da Bashir za su yi aron biro da juna.

Horo kuma dole ne, amma ba a ɗaukar bulala da fushi, ba a kuma sakar wa manyan ɗalibai ƙanana su yi yadda suka ga dama a ɗakin kwana. In yarinya ta yi ciki, kada a kore ta ita kaɗai a bar wanda ya yi mata yana zaune a aji. A nema mata hanyar ƙarasa karatu bayan ta haihu. In kuwa malami ne ya taɓa yaro ko yarinya, ba maganar rufin asirin coci, ba a mai da shi wata makarantar a ɓoye. A sanar da iyaye, a kai shi ga hukuma. Gafara tana nan ga mai tuba, amma ba a biyanta da lafiyar 'ya'yan mutane.

Kowace shekara za a ba ka minti kaɗan a gaban ikkilisiya ka ba da rahoto. Faɗi yawan waɗanda suka ci jarrabawa, jama'a su tafa, ba laifi. Bayan tafin, ƙara abu uku ba tare da ambaton suna ba: yara nawa suka ƙarasa shekara alhali ba su cika kuɗi ba, wata nawa aka biya malamai a kan lokaci, yara nawa aka sallama da dalilin sallamarsu. In dattawa suka ce ba a saba haka ba, roƙi magatakarda ya rubuta a littafin taro cewa ka nema, ka sake kawo maganar baɗi.