Tsakuwa a Buhu, Tsakuwa a Mudu

Bazara ce, irin wadda makogwaro ke bushewa tun hantsi. Wani sabon ma'aikacin lafiya ya taso daga Dutsin-Ma a kan babur, ya biya ta Kurfi don gaida kawunsa, tsohon malamin asibiti da ya daɗe da yin ritaya. Ya same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa.

Da suka gama gaisawa sai ya zaro takardu biyu daga jaka.

"Kawu, sanƙarau ya fara leƙo mu. Wannan daga babban gari take, mutum 6 a mako guda. Wannan kuwa ta wani ƙauye ce, mutum 3 kacal. Mota ɗaya gare mu, don haka gobe gari za mu nufa."

Tsoho ko ɗaga kai bai yi ba. "Shida cikin nawa?"

Yaro ya duba takarda. Garin ya kai mutum 100,000, ƙauyen kuwa da ƙyar zai cika 2,000.

"To, in innarka ta tsinci tsakuwa 6 a buhun shinkafa, hamdala za ta yi. In ta tsinci 3 a mudu guda fa?"

"Ai sai ta mayar wa mai awo."

"Ka gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mudu take awo. A yanki mai yawan jama'a, in an samu 3 cikin kowane 100,000 a mako, sai a buɗe ido. In ya kai 10, annoba ce. Amma wurin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum 5 a mako ɗaya sun isa a kira shi annoba. Garinka yana tsakani. Ƙauyen nan saura biyu."

Yaro ya yi ajiyar zuciya. "Ashe bai kai ba tukuna."

A nan ne tsoho ya ture tiren gyaɗa gefe. Wanda ya ga 1996 da idonsa ba ya saurin yarda da takarda, ni kuwa ban ga laifinsa ba. A shekarar, sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, akasarinsu a Arewa, ya kashe fiye da 11,000.

"Ɗaya ke nan cikin kowane goma," in ji shi. "Wannan shi ne awo na biyu, wato cikin waɗanda suka kamu nawa suka rasu. Na farko yana gaya maka gudun cuta, na biyu dafinta. Wata cutar ta karaɗe gari kowa ya tashi, wata ta shiga gida uku ta fitar da gawa biyu. Amma ka sani, littafin asibiti wanda aka kawo kawai ya sani. Wanda ya cika a ɗakin uwarsa, wa ya rubuta shi?"

"To wa zan tambaya, Kawu?"

"Wanda ke yi musu salla."

Da la'asar yaro ya isa ƙauyen, ya yi sallama da liman a ƙofar masallaci. Ya tambaye shi jana'iza nawa aka yi daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau. Liman ya yi shiru yana lanƙwasa yatsu.

"Uku. Ɗaya tsohuwa ce, shekaru ne. Biyun kuwa yara ne, wa da ƙane. Zazzaɓi mai zafi, sai wuya ya sandare, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa."

"Allah ya gafarta malam, an kai su asibiti?"

"Ina! Iska aka ce, aka yi ta turare."

Yaro ya ɗora takardar a kan tankin babur, ya ƙara 2 a ƙarƙashin 3, ya ja layi. Sannan ya hau wani tudu a bayan masallaci, inda aka ce waya tana kamawa, ya kira shugabansa ya ce a sauya wa motar hanya.