Nisan Makaranta da Haƙƙin Iyaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, gardama ta kan tashi a gidaje da dama. Yaro ya ƙwallafa ransa a kan Azhar ko wata jami'a ta ƙetare, uba yana duban aljihunsa, uwa tana duban nisa, ga kuma Jami'ar Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya kusa da gida. To, wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Fita neman ilmi tsohuwar hanya ce ta magabata. Aya ta 122 cikin Suratut Tauba ta kwaɗaitar da wani sashe na kowace jama'a su fita su fahimci addini, kana su komo su gargaɗi mutanensu. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya tak. Amma Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, a Madina ya yi karatunsa, domin malaman da ya ke bukata suna nan. Imamu Shafi'i kuwa sai da ya baro Makka ya zo gare shi. Ashe ke nan falalar ba a cikin nisa ta ke ba. Abin nema shi ne malami da fanni, in suna kusa a zauna, in suna nesa a bi su.

Malaman fiƙihu sun rarrabe al'amarin. Ilmin da ya ke farali aini, watau sanin tsarki da salla da azumi, idan babu mai koyar da shi a gari, iyaye ba su da ikon hana fita nemansa. Amma fannoni irin su likitanci da lissafi da zurfafa cikin Larabci farali kifaya ne, a nan yardarsu tana da nauyi ƙwarai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrila ɗan Umaru har Agadas. Sa'ad da malamin ya nufi Hajji, sai Shehu ya juyo gida, saboda mahaifinsa bai ba shi izini ba. Wannan komowa ba ta rage masa kome ba.

Sai batun kuɗi. An kawo wa Annabi gawar wani mutum da ake bi bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Uban da ya sayar da gonar gado, ko ya ci bashin da ba ya iya biya, domin a ce ɗansa yana ƙasar waje, ya zalunci sauran 'ya'yansa. Cikin 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, aka kwaso ɗalibai daga Khartum karatunsu bai ƙare ba, a shekarar nan kuma darajar Naira ta faɗi, kuɗin makarantun waje ya gagari iyaye da yawa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Duk da haka su ma iyaye akwai haƙƙi a kansu. Idan yaro yana da basira da kamun kai, fannin da ya dace da shi kuma babu shi kusa, ga halin biya, to, tsare shi don kewa kawai tauye shi ne da tauye jama'ar da za ta amfana da shi. Lalle ne a zauna a yi shawara, a binciki masaukinsa da abokan zamansa, a yi istihara, sa'an nan a sallame shi da albarka.

Allah Ya ba 'ya'yan Musulmi ilmi mai amfani da yardar iyaye, amin.