Mikiya da Bokitin Kifi: Shin Hoto Yana Ƙarya?

Mai karatu, in dai kana kallon finafinan Amurka, to ka san tsuntsuwar nan ko da ba ka taɓa tambayar sunanta ba. Jarumi na tsaye a kan tsauni shi da dokinsa, kyamara ta ɗaga sama, sai ga wata ƙatuwar mikiya mai farin kai da farar wutsiya tana shawagi, ta saki wata ƙara mai tsini har tsigar jikinka ta tashi. To bari in ɓata maka lissafi: kukan nan ba nata ba ne, na aro ne. Ainihin kukanta ɗan siriri ne, kamar na ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa, bai dace da girmanta ba ko kusa. Shi ya sa masu haɗa sauti a Holiwud suka daɗe suna ɗora mata muryar wani shaho mai jar wutsiya. Abin da muka saba da shi ne dai a nan gida: jaruma na motsa baki, mawaƙiya na can situdiyo.

Ni wannan bai taɓa damuna ba, ai fim ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton da ba na fim ba, wanda ake bugawa a kalanda da bangon mujalla, mikiya ta buɗe fukafukai masu faɗin kusan mita 2, ta zaro farata ta suri kifi, ruwa na tartsatsi. Mun ce gani ya kori ji. To idan abin da aka nuna maka shirya shi aka yi, wa ya kori wa ke nan?

Kafin mu kai ga nan, ya kamata ka san yadda ake samun irin wannan hoto. Masu wannan sana'a a Amurka da Kanada lokacin sanyi suke jira, kuma babbar tambayar da suke yi wa juna ita ce: ina ne wuri mai kyau bana? Sanyin can fa ba irin hunturunmu na iska da ƙura ba ne. Koguna da tafkuna daskarewa suke yi su zama ƙanƙara. Ita kuwa mikiyar nan yawancin abincinta kifi ne. Da ruwa ya rufe, sai ta baro arewa ta gangaro neman inda ya rage a buɗe. Tsuntsuwar da da bazara sai ka sha wuya ka ga biyu a wuri ɗaya, yanzu ga su gwammai, wani lokaci ɗaruruwa, a bakin ɗan ruwa guda.

Akwai madatsar ruwa ta Conowingo a kan kogin Susquehanna, jihar Maryland. Kifin da ya bi ta cikin injinan lantarkin madatsar kan fito a galabaice, wani a mace, ya taso saman ruwa, mikiyoyi na zaune a kan bishiyoyi da turakun lantarki suna dako. A watannin Nuwamba da Disamba tun duku-duku za ka ga mutane jere a jikin shinge, kowa da kyamara mai dogon baki kamar igwa. Haka abin yake a madatsun kogin Misisifi, musamman ta 14 kusa da garin LeClaire a jihar Iowa, domin ruwan da ke zubowa da ƙarfi ba ya daskarewa. Can Alaska kuma, kusa da garin Haines, akwai wani yanki na kogin Chilkat da ruwa mai ɗan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, sai kifin salmon ya zo a makare ya yi ƙwai ya mutu. An sha ganin mikiyoyi sama da 3,000 a wurin, har aka keɓe shi dominsu a 1982.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan wurare? Ungulu ba ta jewar banza, haka ma 'yar'uwarta. Ba sha'awar juna ce ta tara su ba, yunwa ce. Abin da mai hoto ke kira wuri mai kyau, a wurin tsuntsuwar layin rabon abinci ne a shekarar fari. Iyakar tsananin sanyi, iyakar ƙanƙancewar ruwan da ya rage, iyakar cunkoso da faɗa a kan kifi ɗaya, iyakar kyan hoto. Wahalar wani ta zama kasuwar wani. Ban ce laifi ba ne, don ba mai hoto ne ya kawo sanyin ba. Amma yana da kyau mutum ya san a kan me yake tsaye.

Sai kuma abin da ba ya shiga hoton. Ba za ka ga katangar siminti ba, ba za ka ga wayoyin lantarki ba, balle mutum ɗari da ke gwamutsuwa a bayan shinge. Kai, akwai garuruwan da in kana son ganin mikiya da yawa juji za ka nufa. A Unalaska suna tonon shara kamar kaji. Tana cin mushe, tana kuma ƙwace kifi a hannun tsuntsayen da suka fi ta ƙanƙanta. Wannan hali ne ya sa Benjamin Franklin, a wata wasiƙa da ya rubuta wa 'yarsa a 1784, ya nuna takaicinsa da aka zaɓe ta a kan hatimin ƙasar, yana ganin ba ta da halin kirki. Duk wannan kyamara kan yanke shi ta zubar, ta bar maka sarauniyar sama ita kaɗai a dokar daji.

To ƙarya ce ke nan? Na san wani zai yi wuf ya ce e. Ni ban yarda ba. Babu hoton da ba ya yanke wani abu. Mai hoton biki ma kan ce wa amarya ta matsa gefe kada kwata ta fito. Marubuciyar littafin soyayya ba ta gaya maka sau nawa jaruminta ya yi atishawa. Zaɓe ba ƙarya ba ne, in ba haka ba duk mai ba da labari maƙaryaci ne. Mikiyar Conowingo da gaske ta sauko, da gaske ta suri kifin, kuma da mai hoton ya yi zamansa a gida yana jin ɗumi, da haka za ta yi. Shi dai ya tashi da asuba, ya tsaya awa biyar yatsunsa na ƙandarewa, Allah ya ba shi sa'a. Shaida ne, ya faɗi abin da ya gani, ko da bai faɗi duka ba.

Inda magana ta rikice shi ne inda bokiti ya shigo. Wasu ba su da haƙurin jira. Sai a sayo kifi, a duba inda rana ta fi haskawa, a daidaita kyamara, wani ya wurga kifin daidai wurin da ake so. Mikiya mai jin yunwa ba ta da zaɓi, za ta sauko. In bai yi kyau ba a sake wurgawa, kamar dai darakta ya ce a maimaita. Hoton da zai fito ba ka iya bambanta shi da na wancan bawan Allah da ya sha sanyi. Sau da yawa ma ya fi kyau.

Bari in ba ka labarin wata mata, domin a kanta ne na fi kasa yanke hukunci. Jean Keene ta koma Alaska a 1977, ta zauna a garin Homer a bakin teku, tana aiki a wata masana'antar gyaran kifi. Wata rana ta ga mikiya biyu kusa da masaukinta, ta jefa musu ragowar kifi. Wasa-wasa abin ya zama aikin kowace safiya a lokacin sanyi, har tsawon shekara 30, mikiyoyin suka kai 200 zuwa 300, tana raba musu sama da kilo 200 a rana. Masu hoto daga ko'ina a duniya suka yi wa wurin tsinke. Hotuna da dama da aka yi ta bugawa a matsayin mikiyar daji, a ƙofar gidan tsohuwar nan aka ɗauke su. Mutanen gari suka rabu biyu, wasu na murna da baƙi, wasu na kukan cewa an tara tsuntsaye fiye da kima an kuma koya musu maula. A 2006 majalisar garin ta hana ciyar da mikiya, amma ta ɗaga wa Jean ƙafa zuwa 2010. Ba ta kai ba, ta rasu a Janairun 2009.

Yanzu kai, mai karatu, me za ka ce da ita? Ciyar da mai jin yunwa ai ba abin zargi ba ne a wurinmu, mu da muke watsa wa tattabaru hatsi. Kuma ba don hoto ta fara ba. Ba ta ɓoye bokitinta ba, kowa ya zo ya gan shi. In akwai wanda ya yi rufa-rufa, to wanda ya ɗauki hoton ne ya koma gida ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga mikiya na farauta a dajin Alaska. Kyamara ba ta yi ƙarya ba, abin da ke gabanta ta kama. Ƙaryar tana cikin ɗan layin da aka rubuta a ƙasa, ko cikin shirun da aka yi alhali an san abin da mai kallo zai zata.

A nan ne fim ya fi gaskiya, duk da ana yi masa kallon gidan ƙarya. Idan ka sa fim, akwai yarjejeniya tsakaninka da furodusa: ka san wanda ya mutu a ciki gobe za ka gan shi a kan babur. Ba wanda ya yaudare ka, kai ka sayi yaudarar da kuɗinka. Hoton dabbar daji kuwa da wata yarjejeniya yake zuwa, ko ba a furta ta ba: "haka na tarar." Shi ya sa mutane ke jin zafi idan asiri ya tonu. Fim ɗin kamfanin Disney na 1958, White Wilderness, ya nuna wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera suna faɗawa ruwa daga kan tsauni, ya ci kyautar Oscar, daga baya aka gano turo su aka yi. Mutumin da ya ci babbar gasar hoton namun daji ta Ingila a 2009 da hoton kyarkeci na tsallake shinge, an ƙwace kyautarsa bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin na hannu ne. Hoton bai canza ba ko ɗigo. Alkawarin da ke bayansa ne ya karye.

Amma duk wannan tsakaninmu ne, mu 'yan Adam. Ita mikiya ba ruwanta da abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonta. Abin da ya shafe ta daban ne, kuma a ganina shi ya fi nauyi. A lokacin sanyi takan yini zaune a kan reshe ba motsi. Ba lalaci ba ne, tattalin ƙarfi take yi, don duk tashin da za ta yi daga kitsen jikinta za a cire. To ga mai hoto ya zo daga nesa, ya kashe kuɗin mota da masauki, tsuntsuwa ta ƙi tashi. Sai ya matsa, ya ƙara matsawa, ko ya tafa, ko ya buga ƙofar mota. Ta tashi a firgice, ya samu hoton fukafukai a buɗe. Hoton nan gaskiya ne tsantsa, ba bokiti, ba siddabarun kwamfuta. Amma wa ya biya kuɗinsa? Dokar Amurka ta 1940 da ke kare wannan tsuntsuwa ba kisa kaɗai ta hana ba, har da takura mata. Shi ya sa masu kula da wuraren ke cewa ka zauna cikin motarka, in ka ga ta daina abin da take yi ta zuba maka ido, to ka yi kusa da yawa. Ni dai in za a sa ni zaɓa tsakanin mai bokitin da ya faɗi cewa da bokiti ya yi, da mai "gaskiyar" da ya kori tsuntsuwa daga reshenta a ranar da ba ta ci komai ba, na farkon zan ba hannu.

Saura abu guda da ke hana ni sakewa. A 1963 ma'auratan mikiyar nan 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48 na Amurka, saboda harbi da maganin ƙwari na DDT da ke sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi ya fashe. Aka hana DDT a 1972, aka tsaya mata tsayin daka, a 2007 aka cire ta daga jerin dabbobin da ke cikin haɗari. Ƙididdigar da aka fitar a 2021 ta nuna sun haura 300,000. Ina zargin cewa wannan kyakkyawar sura da aka yi ta nuna wa jama'a, wadda aka yanke juji da mushe daga cikinta, tana da hannu a tausayin da aka ji mata. Ungulu aikinsu ɗaya a kan mushe, amma wa ya taɓa rataya kalandar ungulu a falonsa? Yaushe rabonka da ganinta a mahauta? Ta kusa ƙarewa a garuruwanmu, ba mu ko yi cigiya ba. Ashe kwalliyar da kyamara ke yi na iya ceton rai, rashin ta kuma na iya sa a mutu ba mai tambaya. Wannan ban san yadda zan auna shi da sauran ba, na bar maka.

Da ni ne a bakin shingen Conowingo, akwai hoto ɗaya da zan so ɗauka bayan na samu na kifin. Zan ja da baya sosai, in kama katangar madatsar, da wayoyin, da jerin mutanen nan cikin manyan rigunan sanyi, tururi na fita daga bakinsu, kowa ya ƙura ido sama. Can ƙarshen hoton, a kan turken lantarki, ga ta 'yar mitsitsiya, ta takure, ta juya musu baya.