Hukuncin ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe ba ya gani

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, kazata ce ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara. Takwas lafiya lau suna bin uwarsu, ɗaya kuwa idanunsa a rufe, ƙafafunsa ba ƙwari, ko tsaba ba ya iya tsinta. Uwar ta bar shi a akurki, na tarar 'yan'uwansa suna tattaka shi. Sai na sa shi a kwali a ɗakina. Maigida ya ce wahalar banza nake yi, in kai shi bola. Abokiyar zamana kuma ta ce kashinsa zai ɓata mini sallah. Ina da laifi in na yar da shi? In wahalarsa ta yi yawa, ya halatta a yanka shi?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika sunkuya kika ɗauke shi.

Kai shi bola da ransa bai halatta ba. Ɗan tsakon nan dukiyarki ce, a gidanki aka ƙyanƙyashe shi, kuma duk dabbar da ke hannun mutum cinta da shanta suna wuyansa. Shehu Halilu ya kawo wannan a Muhtasar, a babin ciyarwa: wajibi ne mutum ya ciyar da dabbarsa idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, in ya ƙi sai a sayar da ita. Kaza mai ido tana iya tono ta rufa wa kanta asiri. Wannan kuwa ba shi da makiyaya sai tafin hannunki.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Wani zai ce ai mu sakinsa za mu yi. To ina zai je? Sakin makahon tsako a bola ba saki ba ne, miƙa shi ne ga cinnaku da shirwa da raɓar asuba. Ban ga abin da ya raba wannan da tsarewar waccan mata ba.

Maganar wahalar banza kuwa, sahabbai ma sun tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, bayan ya ba su labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa Allah ya gafarta masa. Ya amsa musu da cewa akwai lada a duk abu mai ɗanyar hanta, wato mai rai. Bai ce sai mai tsada ba, bai ce sai wanda zai rayu ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Annabi ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Wannan hadisi ba ya isata. Shugaban halitta, yana tafe da jama'a, ya tsaya kan lamarin 'yan tsuntsaye biyu. Sai dai ki gaya wa maigida wannan da ladabi da taushin murya. Abin da ya faɗa shi muka tashi muka ga ana yi a gidajenmu, kuma yawanci rashin sani ne.

Kafin a kai ga wuƙa, kada ki yi gaggawar ce masa makaho. Sau da yawa kwantsa ce ta manne fatar idon. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai tsabta ki riƙa dannawa a hankali, kada ki ɓanɓare. Warin kashin da ya taru a akurki yakan ƙona musu ido, ƙarancin bitamin A a abincin uwa ma yakan jawo haka, musamman kazar da ba ta samun komai sai dusa da farar masara. In akwai malamin dabbobi kusa, ki nuna masa.

Abin da ya fi saurin kashe irinsa sanyi ne. A makon farko ɗan tsako yana son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, kamar ƙarƙashin fiffiken uwarsa. Ki cika gora da ruwan ɗumi, ki naɗe ta da tsumma, ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin, ki bar masa ɗaya gefen ya matsa in zafi ya ishe shi. Garwashi a rufaffen ɗaki haɗari ne gare ki da shi. In kin ji yana ta tsuwa ba ƙaƙƙautawa, sanyi ne ko yunwa. In ya ƙoshi ya ji ɗumi, ƙaramin sauti za ki ji sai barci.

Wajen ba da ruwa ake yawan kuskure. Kada ki buɗe bakinsa ki ɗura, domin ƙofar numfashinsa tana nan bayan harshe, ruwa kaɗan ya isa ya shaƙe shi. Ki zuba a murfin kwalba, da ɗan sukari a ranar farko, ki tsoma ƙarshen bakinsa ki sake shi, za ki ga ya ɗaga kai sama ya haɗiye. Abinci kuma ki dama na 'yan tsaki da ruwa, ko ki murmushe gwaiduwar dafaffen ƙwai, ki kai bakinsa kai, kina ƙwanƙwasa murfin da farce kamar yadda uwa ke kiran 'ya'yanta. Ki bar ruwan da abincin a wuri ɗaya kullum, zai haddace. Ki riƙa duba bayansa, in kashi ya toshe ki wanke da ruwan ɗumi.

Batun sallah, abokiyar zamanki ta yi niyyar alheri amma hukuncin ba haka yake ba. A mazhabar Imamu Malik kashi da fitsarin abin da ake cin namansa masu tsarki ne, sai fa wanda yake cin najasa. Kazar da ke yawo a makwarara ita ake wa wannan tsoro. Naki da ke kwali yana cin abin da kika ba shi, kashinsa ba ya ɓata sallah. Ki goge shi don tsabta, ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa shi, yara ma haka.

In hidimar ta fi ƙarfinki, ki ba wanda zai iya, babu laifi a kanki. In kuma kin yi iya yinki kwana biyu ko uku, ya daina haɗiya, ya kasa ɗaga kai, aka fid da rai, to ya halatta a yanka shi a hutar da shi. Malamanmu sun halatta wannan har ga dabbar da ba a cin namanta idan aka yanke ƙauna da ita, balle kaza. A samu wuƙa mai kaifi, a yi niyya da bisimilla, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu a lokaci ɗaya, domin hadisin Shaddadu ɗan Ausi da Muslim ya ruwaito ya yi umarni da kyautata yanka da wasa wuƙa. Murɗe wuya, ko jefawa a ruwa ko a masai, ba hanyarmu ba ce. Daga nan a binne shi, kada a ci naman mai ciwo.

In Allah ya raya shi ya girma, makanta ba ta haramta namansa ko ƙwansa in mace ce. Ki ware masa wurinsa da abokin zama ɗaya mai sanyin hali, don sauran kaji za su tsattsage shi, kada kuma a bar shi a fili inda shirwa za ta gan shi.

Wallahu a'alam.