Tayar Ƙasashen Ƙanƙara a Kan Kwaltar Maiyama

  

Ya kai ɗan'uwa, ka sani duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya tata bai wuce faɗin tafin hannu ba. A wannan ɗan wuri birki ke ci, a nan sitiyari ke juya mota. Duk wanda ya taso daga Jega ya ratsa Maiyama zai gangara Koko da Yawuri, ko ya ɗauko albasar Aliero zai kai kudu, ransa da dukiyarsa, bayan kiyayewar Ubangiji, suna kan roba ne.

Da yawa cikin robar nan kuwa gwanjo ce. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, sabuwar taya ta zama sai mai hali. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya leƙa rumfunan masu faci ya ga tulin 'yan tokumbo, waɗanda wasu ke kira Beljiyam. A cikin tulin nan akwai wata iri da ta fi ɗaukar ido: zanenta zurfi, jikinta taushi, ga ƙananan tsagogi birjik a kan kowane ƙullin zane. Mai saye ya danna farce ya ji ta lotsa, ya zura tsinken ashana ya ga ya nutse, sai ya ce, "Wannan ai ko rabi ba a ci ba." Tayar hunturu ce ta Turai.

Asalinta daga Finlan ne. A 1934 kamfanin da yau ake kira Nokian ya fara yin ta domin manyan motoci masu bin hanyoyin da dusar ƙanƙara ta rufe. Hikimar ita ce, robar taya ta yau da kullum tana sandarewa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, ta kasa kama titi. Sai aka haɗa wata roba da ba ta taurara a sanyi, aka yi mata zurfin zane da zai cije dusar ƙanƙara, da tsagogin da za su share ruwan da ke kwance a kan ƙanƙara. A ƙasarta ni'ima ce, har Jamus ta wajabta ta tun 2010 duk ranar da titi ya yi ƙanƙara. Dalilin da ya sa take iso mana da sauran zane shi ne, a Ostiriya doka ba ta ɗaukar ta tayar hunturu idan zanen ya gaza milimita 4, a Jamus ma shawarar da ake bayarwa ke nan, alhali taya ta gama-gari ana barin ta har milimita 1.6. Sun yar da ita tana da kyan gani, mu kuma kyan ganin muke saye.

To, me ke faruwa idan ta hau busasshiyar kwalta a Maiyama? Mu nan ko a tsakiyar hunturu, lokacin da tsofaffi ke kwana da kaskon wuta, da wuya sanyi ya kusanci digiri 7. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Halin roba kamar na man shanu ne, ya daskare da sanyi, ya saki jiki da rana. Wadda aka riga aka yi da taushi, in ta sha zafin bazara sai taushin ya wuce kima. Mutum zai zaci mai taushi ta fi manne wa titi. Ba haka abin yake ba. Ƙullin zanen nan dogaye ne, kuma an yayyanka su. Direba na taka birki sai su kwanta, su murɗe, su riƙa zamewa a maimakon su tsaya su cije. Busasshen titi roba mai ƙwari yake so, wadda ta shimfiɗu a kansa sosai. Gwaje-gwajen da ƙungiyoyin masu motoci ke yi a Turai sun sha nuna cewa da zafi tayar hunturu kan ƙara mitoci da dama kafin mota ta tsaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ka tuna da garken shanu da ke tsallaka titi da yamma, ko yaro mai tallar ruwa a bakin kasuwa, ka ga abin da mita biyar ke nufi.

A kwana ma haka ne: ka juya sitiyari, mota ta yi jinkirin amsawa. Murɗewar nan kuma zafi take haifarwa a cikin taya. Haɗa da lodi fiye da ƙima, da iskar da aka buga da ka ba geji, da shekarun da robar ta riga ta yi, sai ka ji fam! Mafi muni shi ne abin da na sha gani a tasha, ƙafar dama ta hunturu, ta hagu ta gama-gari, birki ya ci ɗaya fiye da ɗaya, mota ta fizge gefe. Iyakar abin da zan yaba mata, tana ɗan taimakawa a taɓon damina a hanyoyin ƙauye, amma kwana nawa ne wannan a shekara?

Nan ne maganar ta shiga babin ciniki. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zura hannu cikin tulin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen. Almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ya san cewa algus da ɓoye aibi haramun ne a mazhabarmu, kuma mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin. A ganina, wanda ya san taya ta ƙanƙara ce ya yi shiru, har ya nuna zurfin zanenta don ya ƙara kuɗi, ya faɗa cikin wannan hani. Na yarda da yawa cikin masu sayarwa ba su sani ba, kwantena aka sauke suka sara. Sai dai malamai sun ce bai halatta mutum ya shiga sana'a ba sai ya san hukuncinta, balle sana'ar da jini ke rataye a kanta. Direban haya kuwa amana ya ɗauko. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma Balaraben da ya tambayi Manzon Allah a kan raƙumarsa ɗaure ta aka umarce shi ya yi, sannan ya dogara ga Allah.

Ban ce kowa ya sayi sabuwa ba, na san halin da ake ciki. Abin da nake roƙo a tsuguna a karanta gefen taya kafin a biya. In ka ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa, galibi ta hunturu ce, bar ta. Haruffan M+S kaɗai ba hujja ba ne, domin tayoyin Hilux da yawa na ɗauke da su. Dubi yawan tsagogin, da ƙananan ramuka inda aka cire ƙusoshi. Sannan ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar ƙira. Wanda bai iya boko ba, ya tafi da ɗansa ɗan makaranta, ko shugabannin tasha su sa a zana alamar dutsen nan a bangon ofishin ƙungiya.